Kawu Inuwa da Tsuntsayen Nguru

Ku da kuka zauna da Kawu Inuwa a unguwar Mansura, nan ƙasar Larabawa, kun san ranar Juma'a ba a ganinsa a kantin zamani. Ana sallame salla zai rataya fulas ɗin shayi, ya kama hanyar bakin teku can arewa. Shekara ashirin yana kanikanci a Sana'iya, unguwar masana'antu, sanyin na'ura kuwa a wurinsa "iskar ragwaye" ce.

Hutun kwana uku da ya ja ni garin Zakira na bakin teku har yau ƙafafuna ba su yafe masa ba. Na ce, "Kawu, ga mota fa."

"Motar ce ta zo hutu ko kai? Yalla, taka!"

Muka yi ta takawa cikin laka da itatuwan da ke tsiro a ruwan gishiri. Ƙaguwa ta dantse masa yatsa, na ɗauki dutse zan rama masa. Ya daka mini tsawa: "Ajiye! Ni na shiga gidanta ba sallama."

Washegari ya kai ni kangon wani ƙauyen masu nutso neman lu'ulu'u. Ya tsaya a ƙofar rusasshen masallaci ya yi sallama da ƙarfi. Na ce, "Wa zai amsa?" Ya ce, "Mutanen da suka shiga ƙasan teku da numfashi ɗaya. Kai tafiyar awa biyu kana huci kamar tsohuwar tifa."

Sai maganar tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu, launin ruwan hoda, da ke sauka a bakin tekun. Ya rantse daga fadamar garinsu Nguru suke zuwa. Wani ɗalibin jami'a ya buɗe waya zai nuna masa ba haka ba ne. Kawu ko kallo bai yi ba: "Wayarka ta taɓa zuwa Nguru? Waɗannan 'yan garinmu ne, kuma ba su da kafil, ubangidan da sai da izininsa baƙo ke motsi."

Da ciwon suga ya cinye masa ƙafa, likita ya hana shi tafiya, 'ya'yansa suka sayo tikitin komawa gida. Ya ce ba jirgin da zai hau sai ya yi sallama da tsuntsayensa. Na yi faɗa, na yi magiya, har na ɓoye takalmansa. Ya fito da silifas ɗin banɗaki.

"Khalas, magana ta ƙare, Sani. Ko ka kai ni, ko in tafi da rarrafe."

Na kai shi. Wannan karon bai ƙi mota ba, kuma abin ya tsorata ni. Taku goma ya yi da sanda ya zauna a kan yashi. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, ya ɗaga musu hannu: "Ku ce ina tafe!"

Saura kwana huɗu a yi tafiyar komawa gida ya cika, aka rufe shi a maƙabartar Abu Hamur. Takalman da na ɓoye suna nan ƙarƙashin gadona, na kasa taɓa su.

Allah ya jiƙan Kawu Inuwa, ya yafe masa taurin kai, ya sauke shi a gidan da ba a neman izinin kowa.