Ruwa a Cikin Bututu

Ɗana na fari ya yi shekaru yana aiki a Kurmi, can kudu, a wata masana'anta da ke narka tsohon ƙarfe ta fid da rodin gini. Duk damina yakan dawo Filinge ya taya mu noman gero, hannuwansa cike da tabon ƙuna. Shi ya ba ni labarin tukunyarsu. Ya ce ta fi ɗakina faɗi, kuma ba itace ba gawayi, wutar lantarki kawai. A zuba tarkacen ƙarfe a rufe, sai a sauko da baƙaƙen sanduna uku masu kaurin turmi. Da sun kusanci ƙarfen, wuta ta yi tsalle da ƙara kamar aradu, ƙarfe ya koma ruwa.

"Inna, ba wutar muke tsoro ba," in ji shi. "Abin da anka rufe da ruwa ciki muke tsoro. In ya faɗa tukunya, fashewa yake yi."

Abin da ya ɗauke shi ke nan. Abokan aikinsa suka bugo waya, suka ce wani abu cikin lodin ya fashe, narkakken ƙarfe ya watso inda yake tsaye. Can aka yi masa sutura, ban gan shi ba. Masu gaisuwa suka ce ƙaddara, na ce haka ne, kuma har yau ban ja da wannan ba.

Bayan girbi na shiga gidan maƙwabciyata in kai mata rariyar da ta aiko aro. Ɗanta sayen tsohon ƙarfe yake yi, yana bin ƙauyukan ƙasarmu ta Kurfai da amalanke, in ya tara babbar mota ta kwasa zuwa masana'antun kudu. Da shi da ɗana tare na goya su. Na iske shi tsugune yana ɗura jiƙaƙƙen rairayi cikin tsofaffin bututun famfo, yana daddale bakinsu da guduma don su yi nauyi a sikeli. Bai ko ɓoye ba. A sana'arsu wayo ake kiran wannan.

Na ce, "Ɗan nan, mi kake yi?"

Ya yi dariya. "Inna, ƙarfe na ji ƙishirwa, na ba shi ruwa."

"Ka san inda za shi?"

"Kowa haka yake yi. Ni kaɗai za ki hana ma cin tuwo?"

Na aje rariyar na fita.

Ranar da motar ta zo, na ɗauki mayafina na je na zauna bisa tarin bututun. Direba ya danna oda har ya gaji, ya leƙo ya ce, "Tsohuwa, ke ma a ɗora ki a sikeli? Ba ki da nauyin kirki!" Na ce masa ya gwada ɗaga ni ya ji. Jama'a suka taru. Maigidana ya zo, ya sunkuyo ya ce a hankali in tashi, na tara mana mutane. Na ce masa wanda zai buɗe tukunyar nan shi ma wata ta goya shi. Ya dube ni, ya je gindin itacen bedi ya zauna.

Rana ta take. Direba ya ce shi fa sai ya kai Baleyara da sauran haske, ko da kaya ko babu. Nan ɗan maƙwabciyata ya ɗauko zarto yana huci, ya yanke bakin bututu na farko ya karkata shi. Rairayi ya zubo, jan ruwa mai tsatsa ya biyo baya har kan ƙafata. Ya yanke sauran duka, bai dube ni ba ko sau ɗaya.

Tun ranar ba ya gaishe ni. Uwarsa ta daina aiko neman rariya, ta sayi tata. Na ji ana cewa rasuwar ta taɓa mini kai. Su faɗi.

Duk ranar lodi ina zuwa da 'yar kujerata. Yanzu masu lodin da kansu ke miƙo mini bututu ɗaya-ɗaya, suna gunaguni. Nakan kai idona bakinsa in leƙa. In ban hango haske ta wancan gefen ba, ba ya hawa mota.