Abin da Ya Kai Badaru Zawiya

A Kukar Sambo, wani ƙauye da ke arewa da Ɗanbatta, yaran yanzu ba sa yarda idan aka ce musu akwai lokacin da mutane ke sake hanya in sun hango Badaru. Su dattijo suka tarar, mai magana a hankali. Amma haka abin yake.

Manomi ne ɗan manomi. Gonarsa ta gado ba ta da girma, kamar ta kowa a wannan yanki da gona ke manne da gona, sai dai babu wadda ta fi ta shan taki. Karatun allo bai yi nisa da shi ba, domin yana ƙarami mahaifinsa ya kwanta ciwo, ya ajiye allo ya ɗauki fartanya. Abin ya tsaya masa a rai, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. In malamai suna magana a wurin suna ko ɗaurin aure, sai ya matso ya kasa kunne, ya tashi yana jin akwai wani abu a cikin addini da wasu suka sani shi bai sani ba. Aibinsa kuwa kowa ya san shi: zuciya. Matarsa Hure takan ce in ransa ya ɓaci, har kaji sun san su bar tsakar gida.

Sai ga shekarun fari, a farkon shekarun tamanin. Ciwo ya fara shiga shanu, sannan ruwa ya ɗauke gero yana shirin fitar da kai. Gyaɗa ba a ma maganarta. Tun sanyi bai wuce ba rumbuna suka yi ƙasa, mata suka koma dafa tafasa da rama, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu. Badaru yana da sa ɗaya da ya tsira, ja mai farin goshi, wanda yake haɗawa da na maƙwabci a yi huɗa. Ya rantse ko me za a yi ba zai rabu da shi ba.

Babban ɗansa Sama'ilu saurayi ne da ya isa aure, dogo, marar yawan magana. Wata ranar kasuwa Badaru ya tafi ta'aziyya wani gari da niyyar kwana. Sama'ilu ya dubi ƙannensa kwance a inuwa ko wasa ba sa iya yi, ya kwance san ya ja shi kasuwar Ɗanbatta, da yamma ya dawo da buhunan dawa a bayan a-kori-kura.

Washegari Badaru ya dawo ya tarar da turke wayam. A ƙofar gida, gaban mutane, ya wanke Sama'ilu da mari.

"Tunda kai ne mai gidan yanzu, to gida ɗaya ba zai ɗauke mu ba," in ji shi. "Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Sama'ilu ya juya. Ya shiga ya yi wa uwarsa sallama, ya ƙulle rigunansa, ya fita.

Wannan dawa ita ta riƙe gidan. Da farko Badaru ya ƙi cin tuwonta, daga baya yunwa ta sa ya ci, kullum kansa a sunkuye. Hure ba ta yi masa gori ba. Ta dai daina yi masa magana sai wadda ta zama dole. Watanni suka wuce babu labari. Wani ya ce ya ga mai kama da Sama'ilu a tasha a Kano, wani ya ce ai samarin duk Legas suke nufa. Badaru ya rame, ramar da ba ta yunwa kaɗai ba ce.

A gefen gari akwai zawiyar 'yan Tijjaniyya, ɗakin ƙasa da rumfar kara a gabansa, inda 'yan ɗariƙa ke taruwa zikiri. Shugabansu, wanda suke kira muƙaddami, shi ne Malam Uwaisu, tsoho mai ɗinkin hula. Badaru ya sha jin muryoyinsu daga gona da yammacin Juma'a, ya kuma sha jin ana cewa suna da sirrin da ba a ba kowa sai wanda ya shiga. Wata rana bayan la'asar ya je ya yi sallama, ya zauna a bakin tabarma.

"Malam, na zo a ba ni ɗariƙa."

"Madalla. Me kake nema a cikinta?"

"Ilimi. Irin wanda ba a faɗa a fili." Ya rage murya. "An kuma ce akwai abin da ake karantawa, wanda ya bar gida ya dawo ko yana ina."

Malam Uwaisu ya soke allura a jikin hular ya ajiye ta. "Kiranye kake nufi. Ba mu da shi a nan, Badaru. Da muna da shi, da ruwan sama na fara kira. Abin da muke da shi istigfari ne da salati da hailala, safe da yamma, har ranar da mutum zai bar duniya. Akwai kuma sharaɗi. Salla a kan lokacinta, kuma ba a yanke zumunci da kowa, balle jininka. Za ka iya?"

"Zan iya."

"Ka yi saurin amsawa. Je ka yi tunani, ka dawo Juma'a."

Ya dawo, aka ba shi wuridi, wato zikirin da zai riƙa yi kullum. Gaskiya ransa bai yi daɗi ba, domin kalmomin duk ya san su tun yana yaro. Ga shi kuma da ya zauna da carbi bayan asuba, maimakon natsuwa sai tunani ya taso masa: turken sa, fuskokin mutanen da ke tsaye, yadda Sama'ilu ya dafe kunci bai ɗago ido ba. Da abin ya ishe shi ya kai ƙara.

"Malam, ni tunda na fara, abin da na yi kawai nake gani."

"Da can me kake gani?"

"Laifin yaron."

"To karatu ya fara ke nan. Ci gaba."

Malam Uwaisu ya kuma haɗa shi da wani ɗan zawiyar mai suna Muntaka, mai gyaran keke, don ya ɗora masa karatu daga inda ya tsaya, ya kuma koya masa hukuncin tsarki da salla. Badaru ya girmi Muntaka nesa ba kusa ba. Ranar farko da Muntaka ya yi ta gyara masa harafi ɗaya, Badaru ya jingine allon da ƙarfi ya tashi ya tafi. Washegari ya dawo yana jiran a yi masa magana. Muntaka ya goge bakin mai daga hannunsa, ya miƙo masa allon, ya ce, "Baba Badaru, a nan muka tsaya."

Da magariba kuma akwai wazifa, zikirin da ake yi tare. Ana shimfiɗa farin ƙyalle a zagaye shi, gwiwa na taɓa gwiwa, mai shago kusa da ɗan ƙwadago. In an gama kowa ya yi musafaha da kowa. Cikin waɗanda Badaru ke miƙa wa hannu har da mutanen da ya yi shekaru ba ya gaisawa da su. Da farko yatsu kawai yake ba su. A hankali hannun ya saki.

Bazara ta kusa, wata Juma'a bayan zikiri Malam Uwaisu ya tsayar da shi. "Ka yarda in sanar da 'yan'uwa maganar Sama'ilu? Mutanenmu suna ko'ina, akwai direbobi, akwai 'yan koli, akwai masu awo. Wanda ya ji ya faɗa wa na gaba."

Badaru ya san wannan na nufin duk wanda bai san an kori yaron ba zai sani. Duk da haka ya ce ya yarda.

Usaini, direban motar haya tsakanin Ɗanbatta da Kano, shi ya ɗauki maganar ya kai zawiyoyin birni. Aka yi ta jira. Har Badaru ya fara cire rai, sai ga Usaini wata yamma ya tsaya a ƙofar gidansa ko motar bai kashe ba. Ya ce akwai wani ɗan'uwa a unguwar Rijiyar Zaki a Kano, Malam Abdussalam, mai gidan buga bulo. Cikin ma'aikatansa akwai wani saurayi dogo daga wajen Ɗanbatta, mai aiki kamar ba ya gajiya, wanda ba ya son a tambaye shi gida.

Da safe Badaru ya bi motar Usaini. Bai taɓa zuwa wannan ɓangare na Kano ba. Ko'ina gine-gine ne ke tashi a gefen sabuwar jami'a, ga tarin yashi, ga masu turin ruwa. Malam Abdussalam bai taɓa ganinsa ba, amma ya tare shi da "ɗan'uwa, sannu da hanya", ya ba shi ruwa da fura kafin a yi wata magana.

"Ban faɗa masa za ka zo ba," in ji shi. "Na ji tsoron kada ya bar wurin. Ga shi can."

Badaru ya duba. Sama'ilu ne, ya yi baƙi, ya rame, yana jera ɗanyen bulo a rana. Yana tafiya da ƙafafunsa, hannuwansa biyu lafiya. Badaru ya zauna a kan bulo yana maimaita alhamdu lillahi.

Da Sama'ilu ya gan shi sai ya tsaya cik. Can ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ido a ƙasa. Sauran ma'aikata suka rage aiki suna kallo.

"Baba," ya ce, "in ka zo ne in ce na yi kuskure, ba zan iya ba. Ko yau aka koma, zan sake kai san kasuwa."

Badaru ya ji zafin nan ya taso masa daga ƙirji zuwa kunnuwa, ya ji hannunsa na dama ya yi nauyi. A da in ya taso ba ya sanin lokacin da yake aikatawa. Yanzu kuwa ya gane shi tun yana tahowa, domin ya yi watanni yana zama da shi kowace safiya. Ya dafe gwiwarsa da hannun, ya yi ta istigfari a zuci har ya ji numfashinsa ya daidaita.

"Da ba ka kai shi ba, ban san wa da wa za mu binne ba," ya ce. "Ni ma dawar na ci. Ka yafe mini marin da na yi maka, da maganar da na faɗa."

Sama'ilu ya ɗago ya dube shi, kamar yana son ya tabbatar mahaifinsa ne. Sai ya sa gefen riga ya goge fuska. "Inna fa?"

"Tana nan. Ba ta yi mini magana."

Sama'ilu ya yi 'yar dariya, hawaye na zuba. Malam Abdussalam ya kori masu kallo, ya sa aka kawo musu shinkafa da wake, suka ci a kwano ɗaya.

Sama'ilu bai bi shi gida ran nan ba. Ya ce ya yi wa mai gidansa alkawarin gama wani aiki, amma in ruwa ya sauka zai zo. Badaru bai matsa ba. Da ya iso gida ya tarar da Hure tana tankaɗe, ya tsaya a kanta ya ce, "Na gan shi. Lafiyarsa ƙalau. Ya ce a gaishe ki." Ta ajiye rariya, ta rufe fuska da mayafi ta daɗe a haka. Sannan ta tashi ta tambaye shi ko ya ci abinci a hanya.

Ruwan farko ya sauka, Sama'ilu ya zo da irin gero a ƙulle. Daminar ba ta yi wani kirki ba, amma an samu abin da ya kai su gaba. Daga nan ya zama ɗan ci-rani, rani a Kano, damina a gida, har ya auri wata yarinya Maijidda ya gina ɗaki a bayan na uwarsa.

Badaru bai bar zawiya ba har ƙarshen ransa. Bai zama muƙaddami ba, bai ma nema ba. Shi ke share rumfa, shi ke cika randa kafin mutane su zo. Karatu kuwa ya bi shi a hankali a wurin Muntaka, har ya sauke Alƙur'ani gemunsa fari fat, Hure ta soya waina aka raba a unguwa. Zuciyar ba ta tafi gaba ɗaya ba. In akuya ta shiga masa wake, ana jin muryarsa daga bakin rijiya. Sai dai da yamma za ka gan shi ya ja akuyar da kansa ya kai wa mai ita, ya tsaya sun gaisa, har ya tambayi lafiyar yara.