Wake da Gyaɗa a Tulun Mushe Sallau

Na dawo gida daga karatu a ƙasar nesa ina ganin darasin sibik, wato koya wa yara sha'anin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa, ɓata alli ne kawai. Mu ma an yi mana shi a lakwal, wato makarantar boko. Mun haddace launin tuta da muƙaman masu mulki, gwamnati na faɗuwa aka ce mu manta. Na faɗi haka wata rana a tashar Malbaza, sai wani direban motar siminti ya ce in je in maimaita wa Mushe Sallau; Mushe shi ne laƙabin malamin boko a nan, daga Faransanci. "Shi ne malamin da anka koro daga ƙasar Illela don ya yi maguɗi da wake," in ji shi. Na kusa da shi ya ce ƙarya ake yi wa mutumin. Na bar su suna musu, na tafi nemansa.

Sallau ɗan manoma ne, a wani gari na ƙasar Illela aka haife shi, kuma ya yi sa'ar da malamai kaɗan suke samu: aka ba shi aiki a kolejin garinsu, yana kwana gida ɗaya da tsohuwarsa Goggo, yana noma gonar ubansa da damina. Tarihi yake koyarwa, aka haɗa masa da sibik don ba mai so. Zamanin sojoji ya saba yin darasin da ido ɗaya a allo, ɗaya a taga. Mutanen gari kuwa tun lokacin suke ɗari-ɗari da shi. A ganinsu, mutumin da ke maganar gwamnati kowane mako kuma jandarma ba su taɓa zuwa ɗaukarsa ba, akwai wanda yake kai wa labari.

A 1992, bayan babban taron ƙasa, jam'iyyu suka yi yawa, ana ta zancen zaɓe. Sallau ya ga ya kamata yara su taɓa abin da hannunsu. Da ma kowace shekara ana zaɓen shugaban aji, mai riƙe mabuɗi, mai kai kukan ɗalibai wurin darakta. Yadda aka saba, masu nema su tsaya a fili, kowa ya bi bayan wanda yake so. Layin Saminu ne kullum ya fi tsawo. Ubansa Alhaji Chindo dillalin albasa ne, shi ne shugaban iyayen yara, kuma yawancin ɗaliban da suka zo daga ƙauyuka a zaurensa suke kwana, tuwon gidansa suke ci.

Sallau ya ɗauko tulu daga ɗakin Goggo, ya kafa zana a kusurwar aji. Ya ba kowane yaro ƙwayar gyaɗa da ƙwayar wake: gyaɗa ta Saminu, wake na Inusa, wani ɗan ƙauye mai yawan surutu da ya fito takara kamar da wasa. Ka shiga bayan zana, ka jefa ɗaya a tulu, ɗayar ka cusa a aljihu. Da aka juye tulun a kan tebur, wake ya rinjayi gyaɗa nesa ba kusa ba. Ba wanda ya yi tafi. Shi kansa Inusa ƙasa yake kallo, kamar wanda aka kama da kazar maƙwabci.

Da aka ajiye kwanon rana a zaure, Alhaji ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Kowa ya ce gyaɗa ya jefa. To, waken daga ina? Sai aka tuna tulun daga gidan malam ya fito, kuma ba wanda ya leƙa cikinsa kafin a fara. Gaskiya ne, Sallau bai kifa shi a gabansu ba. Bai zo masa a rai ba sam. Kafin ranar kasuwa zance ya cika gari. Wasu suka ce wata jam'iyya ce ta sa shi gwada yadda za a yi sata a babban zaɓe. Wasu suka ce a'a, ƙidaya yake yi wa na sama, su san gidan da ke tare da su.

Darakta, Mushe Ado, ya haɗa Sallau da Alhaji a buronsa, wato ofishinsa.

"Mushe," in ji Alhaji, "ni ban yi lakwal ba, amma na san wake ba ya haihuwa cikin tulu."

"Alhaji, a sake. Ka zo da tulunka, ka kifa shi da hannunka."

"Ni da tulu? Ruwa nika sha da shi. A fito fili a yi layi kamar yadda munka saba, ko a kawo Alƙur'ani kowane yaro ya dafa."

Sallau ya dube shi da kyau. Ya ga ba tulun ne ke cin Alhaji ba. In malam ɓarawo ne, shi ke nan, an huta. In kuwa ba ɓarawo ba ne, to yaran da ke sa hannu a kwanonsa sun kalli idonsa sun yi masa ƙarya, kuma zai so ya san ko su wa. Wanda duk ya yi nauyin ƙafa wajen shiga layi, ko ya yi jinkirin dafa Littafi, ya rasa tabarmarsa a zaure, karatunsa kuma ya ƙare.

Bayan Alhaji ya fita, darakta ya rufe ƙofa. "Sallau, yi musu layin mu huta. Ka ce kuskure ne wajen ƙirga. In ka ƙi, takardarsu za ta kai wurin manyanmu a Tawa, kuma ka san sauran: canjin wuri. Wa zai dubi Goggo?" Ya rage murya. "Tsakani da Allah, ba ka ƙara ko ɗan kaɗan ba?"

A gida ma Goggo ba ta raga masa ba. "Kowa na noma wake ya ci, kai naka zai kore ka daga garin ubanka. Mi ya kai ka ɗaukar mini tulu?"

Washegari ya ce ba zai sa yara a layi ba, ba zai kuma rantsar da su ba. Shekara ba ta kai rabi ba aka mai da shi Malbaza, garin kamfanin siminti. Ranar da ya ɗora kayansa a mota, ba ɗalibin da ya zo sallama. Biyu sun hango shi daga bakin kasuwa suka sauya hanya. Inusa da kansa ya kai wa Saminu mabuɗin aji. Goggo ta ce ba ta bin kowa garin da siminti ke sauka a cikin miya, don haka gonar ta koma hannun ɗan'uwa, shi kuma sai ya samu hutu yake zuwa ganinta. A Malbaza ya ci gaba da zaɓen tulu kowace shekara, amma yanzu sai ya kifa shi, ya buga gindinsa, ya miƙa wa mafi taurin kai a aji ya zura hannu.

Na same shi a inuwar bayan aji yana gyara sarƙar kekensa. Sai da ya tambayi sunan ubana da unguwarmu da wanda ya aiko ni kafin ya ba ni wannan labari, kuma ko lokacin da yake bayarwa yana yi yana duban hannuna ko ina rubutawa. Da ya gama na ce masa, da a ce shi ma ɗan ajin ne ranar, ya shiga bayan zanar nan, me zai jefa?

"Gyaɗa mana," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "Saminu yaro ne mai hankali. Inusa kuwa, ka ba shi mabuɗi da safe, kafin azahar ya ɓatar."