Malam Inuwa da Famfon da Ya Koma Cikin Kwamfuta

Jama'a, a gyara zama, ga Malam Inuwa na Tiga! Sarkin ruwa mara rawani, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana murɗa kan famfo a ma'aikatar ruwa har tafin hannunsa ya koma kamar ƙasan takalmi. Da ya yi ritaya ma bai bar ruwa ya huta ba. Ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗora tanki, ya ja bututu ya kafa famfo a ƙofar masallacin unguwa. Tun daga ranar ba wanda ya taɓa zuwa alwala ya tarar da famfon nan a bushe. Abin tinƙahonsa ke nan a duniya. Ka kushe rigarsa ya yi dariya, amma ka ce famfonsa ya ƙafe, to kun ɓata.

Ana nan sai ɗansa Abdulbasit, mai aiki a Kano, ya zo hutu da dabara. Wai Baba ya tsufa da zagayawa bayan gida kunna inji. Ya girke wata tsohuwar kwamfuta a falo, ya cire makunnin injin ruwa ya sa wani ɗan akwati a madadinsa, ya yi wa fitilu da fanka haka. A gefen fuskar kwamfutar aka sami 'yar taga mai hotuna: ɗigon ruwa, ƙwan fitila, fanka. Ka danna ɗigon, inji ya tashi. Ka sake dannawa, ya mutu.

"Sharaɗi ɗaya ne, Baba," in ji Abdulbasit, yana nuna akwatin intanet mai ƙyafta ido a kan teburi. "Wannan kada a taɓa shi."

"To, na ji."

Ya ji ɗin. Sai dai Malam Inuwa yana da dokar da ta girmi Abdulbasit: hadari na haɗuwa, duk wani abu mai igiyar wuta sai an zare shi daga bango. Tun shekarar da tsawa ta cinye masa talabijin ba ya saɓawa.

Wata Asabar da hantsi gabas ta yi baƙi ƙirin. Malam Inuwa ya bi bango yana zare filogi, har da na mai ƙyafta idon. Matarsa Hajara ta leƙo.

"Malam, tankin fa ya kusa ƙarewa, na yi wanki."

"Ga ruwa nan tafe daga sama, Hajara. A tara bokitai."

Hadarin ya yi gurnani, ya kwashe shanyar mutane, sannan ya karkata ya nufi garin Kiru abinsa. Ko yayyafi.

Azahar ta ƙarato. Ya mayar da filogi, kwamfuta ta fara farkawa kamar wadda ta ci tuwo ta ƙoshi. Hotunan tagar duk sun dushe, sai wani ɗan zobe ke ta juyawa a kansu. Yana cikin hararar zoben sai ga sallamar liman, Malam Abdussalami, daga zaure.

"Malam Inuwa, lafiya kuwa? Famfo sai iska yake hurawa."

"Yanzun nan, Allah gafarta Malam! Yanzun nan!"

Hotuna suka dawo. Ya cafki linzamin kwamfutar, kibiya na zillewa. Ya danna, fanka ta taso masa da hula. Ya danna, fitilar banɗaki ta kama da rana tsaka. Da ƙyar ya cimma ɗigon. Inji ya yi ƙara a bayan gida, Malam Inuwa ya ce alhamdu lillahi, bai rufe baki ba inji ya mutu.

Ashe Hajara ta kira Abdulbasit, shi kuma yana can Kano yana danna ɗigon a wayarsa. Uba ya kunna, ɗa ya kashe. Ɗa ya kunna, uba ya kashe. Hajara ta shigo ta miƙa masa wayar.

"Baba, don Allah ka daina dannawa!"

"Kai za ka daina! Gidan wa ne?"

Duka biyun suka daina, inji a mace. Shiru ya yi yawa, duka biyun suka danna.

Ladan ya kira salla. Malam Inuwa ya yi tsaki, ya suri jarka ya faɗa gidan maƙwabci mai rijiya. Ya fito yana nishi, gaban riga sharkaf, ya tarar da mutane tsaye da butoci a hannu. Surajo mai kifi, abokin wasansa, ya washe baki.

"Sarkin ruwa, yau taimama za mu yi? A Tiga, ga dam muna kallo?"

Malam Inuwa ya ɗaga jarka. Shi ya bi su yana tsiyaya wa kowa. Ana tsakiyar salla inji ya tashi don kansa, ko don Abdulbasit, aka idar tanki na ambaliya har cikin takalman jama'a.

Yanzu akwai ƙaton durom a ƙofar masallaci, kullum da safe sai Malam Inuwa ya cika shi. Filogi kuwa har gobe yana zarewa in ya ga hadari. Shekaranjiya na same shi yana cikon durom ɗin, na rusuna na gaishe shi, na ce, "Baba, ya gidan zamani? An ce daga kan kujera kake ba ruwa umarni. Zan rubuta tarihinka duniya ta karanta."

Ko kallona bai yi ba.

"Ɗaga ƙafarka, ka taka min tiyo."