Mugunyar Wuyan Yaya

Shekarar da ɗana na fari ya rasu, na koma gidanmu a Gozaki. Ba na kuka, ba na hira. Idan an ba ni abinci in ci, idan an manta in zauna.

A lokacin ne aka dawo da yayana daga Malumfashi, inda yake koyar da kimiyya a makarantar sakandare. Tibi ce ta kama shi, cutar nan ta tarin fuka, amma shi a wuya ta fito masa, kumburi kamar ƙwan kaza, har ya fashe. A asibiti an ɗora shi kan allura da ƙwayoyi, aka ce a riƙa wanke wurin kullum. Inna ba ta iya kallon ciwon, sai ta miƙo mini ƙwarya da tsumma.

Kowace safiya nakan ɗumama ruwa da gishiri, in matse, in goge. Wata rana ya ga na tsura wa mugunyar ido.

Ya ce, "Ƙanwata, ƙyama kike ji?"

Na ce, "A'a, Yaya."

"To kin san ko mece ce?"

Na girgiza kai. Ya ce a cikin jini akwai wasu ƙananan halittu masu gadin jiki, su ke haɗiye ƙwayoyin cuta. Amma ƙwayar tibi tana da wayo, idan an haɗiye ta ba ta mutuwa, sai ta zauna a cikin mai gadin tana hayayyafa. Idan mai gadin ya ga ya zama mafaka, sai ya kashe kansa, ƙwayar ta rasa wurin ɓuya, 'yan uwansa su zo su kwashe.

"Kamar yadda Baba ke ƙone karan auduga bayan tsinka saboda tsutsa. Yawancin abin da kike gogewa gawarsu ce."

Yana magana idonsa na haske, kamar yana gaban aji. Ya jira in ce wani abu. Na ce ya juya kansa, ban gama ba.

Kafin damina ta tsaya ciwon ya ƙafe, ya bar tabo. Ranar da zai koma makaranta Inna ta yi ta kuka tana gode wa Allah. Ni na raka shi bakin hanya, na riƙe masa jaka har mota ta zo.

Washegari na tashi na ɗora ruwa a wuta. Sai da ya tafasa na tuna. Na sauke, na zauna kusa da murhu har ya huce.