Ƙwayoyin Ƙiba Da Hoton Da Na Kai Kasuwa

Da bakina nake faɗa, na yi yawo daga garin Showak har garin Mafaza ban gamu da wawa irina ba. Karatuna bai wuce izu biyu ba, don haka ku yi haƙuri da rubutun. A shekarun da 'yan nizam, 'yan sandan tarbiyya, ke zagaya kasuwar Gadarif da bulala suna duba mayafin mata, ni tela ne mai ɗinkin jallabiya, amma bakina ya fi allurata suna. In na zauna wajen mai shayi sai wani ya ƙware don dariya, kuma kullum da naman wani ake yin ta.

Sai uwar 'ya'yana ta fara ramewa. Zazzaɓi ya zo ya tafi, hannunta ya mutu kafin ta gama shafa kisra uku, wainar dawar nan marar kauri, a kasko, in ta tauna nama muƙamuƙi ya riƙe. Na ce son jiki ne na tsufa. Hakimin da muka gani a Hartum, haka muke kiran likita a nan, ya ce yana zargin kumburi a manyan jijiyoyin jininta, kuma hoton da zai tabbatar babu shi a ƙasar a lokacin, sai Misra. Ya yi mana bayani cewa na'ura ce mai haɗa hoto biyu wuri guda: ɗaya ya zana hanyoyin jini, ɗaya kuma, bayan an yi wa mutum allurar wani ruwa mai sukari, ya haska inda wutar ciwon take ci. Ya ja mana kunne kada ta sha ko wane magani kafin nan. Ɗanmu da ke aiki a Saudiyya ya ɗauki nauyin tafiyar.

Muna jiran fasfo ne abokan shayina suka juyo da bakinsu kaina. Suka ce zan kai kara Misra in ce matata ce, Misrawa za su ɗauka a gidan tela ba a ɗora tukunya. Ni da na saba yanka wasu, ranar na ji zafin wuƙa. Na zaga bayan rumfuna na sayo ƙananan ƙwayoyin nan da amare ke sha don su yi ƙiba, na riƙa murƙushewa a shayinta kowace safiya, ina ƙara sukari. Cikin sati uku kumatu suka fito, zazzaɓi ya gudu, har ta ci nama. Ta yi ta gode wa Allah, ni ina gefe ina jin kaina hakimi.

A Misra, kafin a shigar da ita na'urar, likita ya tambaye ta ko ta sha wani magani, musamman wanda ake kira kortizon. Ta rantse ba ta sha ba, kuma gaskiyarta ce. Ni ban san sunan ba, amma na tuna da ƙwayoyina. Na duƙar da kai ina gyara rawani. Hoto ya fito fes, babu inda ya haska.

A nan ne na yi abin da ya fi muni. Na naɗe hoton na kai kasuwa, na ɗaga shi a rana kowa ya gani, na ce ga shaida, ciwon Hajja ɗaya ne, son ganin Misra, kuma ta gani ta warke. Aka yi dariya har mai shayi ta zubar da kofi. Maganar ta isa gida kafin ni. Tunda ta yi ƙiba na kuma rufe bakin mutane, na daina sa ƙwayar. Ba a yi kwana goma ba ciwon kai ya kama ta, ko tsefe gashi ba ta iyawa. Na ce mata hoto ba ya ƙarya. Wata safiya ta ce idonta na dama ya rufe kamar an saki labule. Na ce ta bari in gama ɗinkin sallah. Kwana huɗu ta jira. Na hagun ya bi shi.

Da na kai ta mustashfa, wato asibiti, hakimin ya dubi kumburarriyar fuskarta, ya tsare ni da ido, na faɗi komai tana zaune tana ji. Ya ce ƙwayar ita ce kortizon ɗin, ta yi wa ciwon abin da toka ke yi wa garwashi, na'ura ta duba ba ta ga ja ba. Da na yanke ta kwatsam sai wutar ta tashi ta ci jijiyar ido. Ya ce da na buɗe baki a Misra, ko na kawo ta ranar farko, da wataƙila an ceci ko ɗaya.

Jama'a, na'ura komai tsadarta abin da ka kai mata take gani. In likita ya tambaya, ku faɗi har abin da kuke jin kunyarsa, kuma kada dariyar kasuwa ta zaɓa wa iyalinku magani. Ni na daina zama wajen mai shayi, amma wannan bai buɗe idon kowa ba.

Ba ta taɓa zagina ba. Sau ɗaya ne, ina miƙa mata shayi, ta shinshina kofin, ta shafa kumatunta, ta ce tunda ita ba ta ganin madubi, in duba mata in faɗa mata ko yanzu ta yi ƙibar da za ta ishi mutanen kasuwa.