Kibiyar da ta kawo Baba ƙofar gida

Shekarun baya, mahaifina ya fara ɓata hanya. Mutumin da tun ina goye yake zagaya Gagarawa da Ɗanzomo a kan babur ɗinsa duk Juma'a don gaida 'yan'uwansa mata, sai ga shi wata rana wani mai amalanke ya rako shi gida daga wajen Maigatari. Ya ce ya tarar da shi a burtali yana ta kewaya gona ɗaya.

Mahaifiyata ta ce a ɓoye makullin babur ɗin kawai. Baba ya ji, bai yi faɗa ba, ya dai ce, "In kun karɓe babur ɗin nan, to ku haƙa min ramina." Ni kuwa na san da gaske yake, don zumuncin nan shi ne abin da ya rage masa.

Abokina ne ya ba ni shawarar na'urar nuna hanya, irin mai aiki da tauraron ɗan'adam. Waya ba za ta yi ba, ta Baba mai madannai ce, kuma da ka doshi iyaka sabis ya ɗauke ko ya koma na Nijar. Na tafi Kano, na shiga shago ina ta gyaɗa kai kamar na san kan abin, alhali ko kunna ta ban iya ba. Mai shagon ya zube min kala-kala: wannan ba ta jin ruwa, waccan tana magana. Na ce maganar Turanci ba za ta amfane mu ba. Ni dai a ba ni wadda ake gani a tsakar rana, wadda za a jona da batirin babur, mai ƙatuwar kibiya da tsoho zai bi.

Da na dawo sai na ga rabin ƙauyukanmu ba sa cikinta. Dole na goya Baba muka bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya, duk inda muka tsaya in adana wurin, shi kuma ya raɗa masa suna. Gidan Yaya. Gidan Auta. Kukar da ake shan fura. Yana ta dariya yana cewa, "Wai yau ƙarfe ne zai nuna min gidan 'yar'uwata." Wallahi ban taɓa jin daɗin tafiya da shi kamar wannan ba.

Ta kuwa yi aiki. Damina ta zo, gero ya rufe hanyoyi, amma Baba yana zuwa yana dawowa lafiya. Har na fara cika baki a majalisa.

Wata Juma'a da la'asar ina zaune a zaure na ji ƙarar babur ɗinsa. Ya tsaya daidai ƙofar gidanmu na Gumel, bai sauka ba. Na fito na ce, "Baba, sannu da zuwa." Ya dube ni, ya dubi ƙofar da ya sa aka kafa da kansa, sannan ya nuna na'urar.

"Samari, abin nan ya ce in tsaya a nan. Gidan wane ne?"

Na ce, "Gidanka ne, Baba." Sai ya zare makullin ya miƙo min, ba wanda ya roƙe shi. Daga ranar bai ƙara hawa ba har Allah Ya karɓi abinsa.

Na ɗauka in na zaɓi mai kyau matsalar ta ƙare, ashe hanyar ce kawai na iya saya masa. Har yau abin yana min ciwo. Na'urar tana kan babur ɗin, gilashinta ya tsage, abokina kullum sai ya ce in canza. Ba zan canza ba. Duk Juma'a nakan danna Gidan Auta, ita kaɗai ta rage a cikin 'yan'uwansa mata, in bi kibiyar ko da yake na san hanyar. Da ta ji ƙarar babur ɗin takan fito da sauri, sai ta gan ni ta tsaya.